Injin Buga Takardu: Kayan Karatu Ne Ko Sabon Haraji Kan Iyaye?

Duk shekara idan sakamakon bak ya fito, murna ba ta daɗewa a gidan mahaifi kafin takardar bukatu ta biyo baya. Da can katifa ce da bokiti da kuɗin mota zuwa Yamai. Daga baya wayar hannu ta shigo, kwamfuta ta bi sahunta, yanzu kuma wasu ɗalibai sun fara saka injin buga takardu cikin lissafi, suna cewa karatun jami'a ba ya yiwuwa sai da shi. Ɗan kasuwa a Maraɗi, ko ma'aikacin da ke jiran ƙarshen wata a Tawa, ba shi da hanyar tantance wannan magana. Abin da ya sani kawai shi ne ba ya son ɗansa ya zama koma-baya cikin tsara. Alhali kuwa mafi yawan ɗalibai ba su da bukatar wannan inji, kuma wanda ya saye shi sau da yawa wahala ce ya saya da kuɗinsa.

Ƴan kasuwa za su fi kowa saurin gane dabarar da ke ciki. Kamfanonin da ke ƙera ƙananan injuna masu aiki da ruwan tawada suna sayar da injin da araha ne, domin ribarsu tana cikin tawadar. Ƴar kwalbar da ke zuwa tare da sabon inji galibi ba cike take ba. Kafin a sake ta sau biyu ko uku, kuɗin da aka kashe ya kusa kamo kuɗin injin kansa, kuma wasu injunan an yi su ta yadda za su ƙi karɓar tawadar da ba ta kamfaninsu ba. Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023, kayan da aka saba saukewa a Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kuma kowa ya san wanda ke biyan kuɗin tsawon hanya.

Sai kuma yanayin ƙasa, wanda masu ƙera injin ba su yi shawara da shi ba. Tawadar ruwa tana bushewa a bakin injin idan ya yi makwanni ba a taɓa shi ba. To ina ga ɗakin da zafin bazara ke wuce digiri 40, ƙurar hunturu ke shiga ta kowace kafa, ga dogon hutu, ga yajin aiki da kan tsayar da karatu ba shiri? Ɗalibi ya dawo daga gida ya tarar da injinsa yana fitar da zane-zane maimakon rubutu. Injin da ke aiki da garin tawada ba ya bushewa, amma ya fi tsada, kuma yana jan wuta sosai. Wutar ma ba abar dogaro ba ce. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, aka shafe watanni manyan birane suna samun kuran bi da bi har zuwa farkon 2024. Ko a lokacin da ba rikici, dawowar wuta da ƙarfi bayan ɗaukewa ta isa ta ƙone na'ura.

Akwai wata asara da ba a rubuta ta a jikin kwali. A ɗakin kwanan ɗalibai, inda wurin mutum biyu kan ɗauki fiye da haka, mai inji ya zama na kowa. Wannan ya zo da shafi biyar, wancan da goma, kowa ɗan gari ne ko ɗan aji. In ya hana a kira shi marowaci, in ya bari kuma tawadar da mahaifinsa ya saya ta ƙare a kan aikin wasu.

A ƙaddara ana buga shafi guda a dala biyar a shagunan da ke kewaye da jami'a. Da jikka goma ɗalibi zai buga shafi 400, ba ruwansa da sayen takarda, ba ruwansa da gyara. Ɗalibin shekarar farko ko ta biyu da wuya aikin da shi kansa ya rubuta ya kai haka. Abin da ya fi cin kuɗinsa shi ne fotokopi na darussan malamai da babin littattafai, kuma wannan aiki ne na babban inji.

Inda maganar ɗalibai ke da ƙarfi shi ne shekarar ƙarshe. Mai rubuta kundin lisansi ko na mastar yakan buga aikinsa, malami ya cika shi da jan biro, ya koma ya sake bugawa, haka har sau da dama, kafin a zo ga kofen da za a raba wa alƙalan jarrabawa. A nan, ɗalibai biyar ko shida da suka haɗa kuɗi suka sayi inji mai tankin tawada, irin wanda ake ɗurawa daga kwalba, ba su yi wauta ba. Haka ma wanda ya sayi injin don ya riƙa buga wa abokansa yana karɓar kuɗi. Amma wannan sana'a ce, sai a auna ta da ma'aunin sana'a.

Tambayar da ta fi cancanta ita ce, me ya sa nauyin takarda ya faɗo kan ɗalibi da mahaifinsa tun farko? A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran guda na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, littafin da ake shigowa da shi daga waje ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Injin fotokopi ya gaji aikin ɗakin karatu. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa, a 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Buɗe su abin yabo ne, sai dai yawan ɗalibai ya yi gaba ya bar littattafai a baya. Gwamnatocin da suka shuɗe sun fi son aza tubalin gini, domin shi ake gani a talabijin.

Cibiyoyin CROU, da ke kula da kwana da abinci da sufurin ɗalibai, su ne ya dace su ɗauki wannan hidima. Ɗaki guda a kowace tsangaya, da manyan injuna biyu ko uku, da farashin da aka liƙa a bango, ya wadatar. Ba lallai gwamnati ta gudanar da shi da kanta ba: a buɗe takara a fili, ƴan kasuwar garin su nema, wanda ya fi sauƙin farashi ya samu, ba wanda ya fi kusa da mai sa hannu ba. A ɗora masa allunan hasken rana a kan rufi. Abin kunya ne a ce jami'ar da ke ɗauke da sunan Abdou Moumouni tun 1992, mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa kan binciken makamashin rana, ɗalibinta ya rasa buga shafi goma don an ɗauke wuta.

Malamai ma suna da nasu kason. Babu dalilin da zai sa a tilasta wa ɗalibi buga kundi gaba ɗaya duk lokacin da za a gyara waƙafi, alhali ana iya duba shi a kwamfuta a mayar masa. A buga sau ɗaya, idan aiki ya nuna. Ita kuma ƙungiyar USN, wadda jinin ɗalibanta uku ya zuba a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990 har aka kai ga babban taron ƙasa na 1991, ba za ta ƙasƙanta ba idan ta saka kuɗin takarda cikin bukatunta, kusa da burs da abinci da motocin ɗauko ɗalibai.

Kafin a kai can, mahaifin da takardar bukatu ke hannunsa yana iya soke layin injin ba tare da fargaba ba. Kuɗin ya fi amfani idan aka ƙara su aka sayi kwamfuta mai batir da ke jure ɗaukewar wuta, sauran kuma a riƙa aika wa yaro jikka biyu ko uku na fotokopi a farkon kowane zango.