Sharhi: Idon Mai Gadi da Fatar Mai Saye a Kantunan Dubai



Yau Dubai za mu leƙa. Duk wanda ya san Kantin Kwari ko kasuwar wayoyi ta Farm Centre a Kano ya san rabon wannan birni a cikin kasuwancinmu. Abaya, turare, agogo, wayar hannu, gwal ɗin da ake jerawa a akwatin lefe, da yawansu ta unguwar Deira suka biyo, ta kasuwar Naif da kasuwar zinari da lungunan Sabkha, inda za ka ji Hausa na tashi a bakin kanti kamar kana Fagge. Alhazanmu da hajiyoyinmu sun daɗe suna kai kuɗinsu can, kuma abin da suka fi yabawa idan sun dawo shi ne tsaro. Za su ce maka ga zinari jibge a bayan gilashi, layi bayan layi, ba ka ga mai gadi riƙe da bindiga ba, kuma ba ka ji ana ihun ɓarawo ba.

Wannan yabo gaskiya ne, amma yana da tarihi. A ranar 15 ga Afrilun 2007 wasu mutane suka kutsa cikin katafaren rukunin kantuna na Wafi da motoci biyu ƙirar Audi, suka ratsa ƙofar gilashi, suka tsaya a gaban kantin lu'ulu'u na Graff. Kafin jama'a su gane abin da ke faruwa sun kwashe kayan ado na kusan dirhami miliyan 15, sun juya sun fice. Bincike ya danganta aikin da gungun ɓarayin nan da 'yan sandan ƙasa da ƙasa ke kira Pink Panthers, waɗanda akasarinsu suka fito daga ƙasashen tsohuwar Yugoslabiya. Turawa ne, farare tas.

Birnin da ke rayuwa da baƙi da masu sayayya ba zai iya jure irin wannan abin kunya ba, don haka aka ƙara zuba dukiya a harkar sa ido. A 2016 gwamnatin Dubai ta kafa hukumar SIRA, wadda ke ba kamfanonin gadi da masu gadin kansu lasisi, ta kuma shimfiɗa ƙa'idar irin kyamarorin da wuraren kasuwanci za su kafa. A 2018 'yan sandan Dubai suka ƙaddamar da shirin Oyoon, wanda ya haɗa dubban kyamarori da na'urar da ke gane fuskar mutum da lambar mota. Ga kuma hukunci: baƙon da aka kama da halin ɓera a kanti na iya fuskantar ɗauri ko tara, sannan a tusa ƙeyarsa zuwa ƙasarsu. A garin da kusan mutum 9 cikin 10 baƙi ne da suka zo neman abinci, tsoron kora ya fi tsoron kulki aiki.

Duk da haka, a 2018 ɗin dai wani shuɗin lu'ulu'u da aka kimanta a kan dala miliyan 20 ya yi ɓatan dabo daga ma'ajiyar wani kamfanin jigilar kuɗi. Da 'yan sanda suka gama duba dubban sa'o'i na hotunan kyamara, sai ga shi wanda ya ɗauka mai gadin kamfanin ne da kansa. A cikin kwalin takalmi aka fitar da dutsen zuwa Siri Lanka, daga can aka dawo da shi. Da ɗan gari akan ci gari.

To, mai sauraro, riƙe waɗannan labarai biyu a ranka, domin a nan batunmu yake. Manyan sace-sacen kayan ado biyu da suka girgiza Dubai, ɗaya Turawa ne a motar alfarma, ɗaya kuma na cikin gida ne sanye da kayan aiki. Da a ce tsaron birnin ya dogara ne da kallon launin fata a bakin ƙofa, da babu ɗayansu da za a kama. Abin da ya kama su shi ne bin sawun aiki: wa ya shiga, ƙarfe nawa, me ya taɓa, ina ya nufa.

Amma ka zauna da 'yan kasuwarmu ka ji ɗaya ɓangaren hirar, wanda ba su cika faɗa a gaban iyali ba. A Deira, inda mai kanti ya san kuɗin Afirka ne ke riƙe da shi, Alhaji sarki ne, har shayi ake kawo masa. Sai ya cire babbar riga ya sa ƙananan kaya ya shiga wani babban kantin zamani, ya ga mai gadi na bin sa daga wannan layi zuwa wancan. Ya nuna agogo a ce masa wannan fa da tsada, tun bai tambayi kuɗin ba. A bakin fita a nemi rasit ɗinsa, alhali wanda ya wuce gabansa ko kallo ba a yi masa ba. Babu zagi a ciki, babu duka, babu abin da zai kai ƙara a kai. Sai dai mutum ya koma masauki yana jin wani abu ya tokare masa ƙirji. Abin takaicin ma, mai gadin da ke bin nasa sau da yawa ɗan uwansa ne baƙar fata, daga Yuganda ko Kamaru ko Najeriya, wanda ke tsaye tun safe a kan ɗan albashi, yana tsoron kada wani abu ya ɓace a cire a cikin kuɗinsa. Shi ma umarni yake bi, ko kuwa abin da ya fahimci maigidansa na so.

Kada mu yi wa kanmu ƙarya, akwai 'yan ƙasarmu da suka shafa mana kashin kaji. A farkon 2019 'yan sandan Sharja, maƙwabciyar Dubai, suka kama 'yan Najeriya 5 bisa zargin fashin dirhami miliyan 2.3 a wani shagon canjin kuɗi. A watan Yunin 2020 aka cafke Ramon Abbas, wanda duniya ta fi sani da Hushpuppi, a masaukinsa na ƙasaita a Dubai, aka miƙa shi Amurka, inda kotu ta ɗaure shi shekara 11 da 'yan watanni a 2022 saboda hannu a damfarar intanet. Waɗannan abubuwa sun faru, kuma hukumomin can na da haƙƙin kare garinsu. Wanda ya yi laifi a hukunta shi, ba mu da ja.

Inda muke da ja shi ne ranar da aka ce laifin mutum 5 ya hau kan miliyoyi. A daren 24 ga Yunin 2021 jami'an tsaro a Abu Dabi, babban birnin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙasar da Dubai ke cikinta, suka yi dirar mikiya a gidajen da ma'aikata 'yan Afirka ke kwana. Ƙungiyar Amnesty International ta ce aƙalla mutum 375 aka kwashe, akasari 'yan Kamaru da Najeriya da Yuganda, aka tsare su a kurkukun Wathba na tsawon makonni, aka kore su ba tare da an gurfanar da su a gaban alƙali ba. Waɗanda ƙungiyar ta zanta da su sun ce takardunsu na zama da aiki cikakku ne. Gwamnatin ƙasar ta musanta cewa wariya ce, ta ce samamen na murƙushe gungun masu safarar mutane da karuwanci ne. To, in haka ne, ai kotu aka gina domin wannan. A kawo kowa da sunansa da laifinsa da shaidarsa. Kwasar mutane gida guda, kusan dukkansu baƙaƙen fata, kamar yadda shaidun suka bayyana, wannan ba binciken laifi ba ne.

Sai kuma watan Oktoban 2022, lokacin da aka daina ba 'yan Najeriya biza. Akwai rigimar kuɗaɗen kamfanin jirgin Emirates da suka maƙale a Najeriya a tsakiyar lamarin, har kamfanin ya dakatar da zirga-zirga. Sai a ranar 15 ga Yulin 2024 ministan yaɗa labarai Mohammed Idris ya sanar da cewa an sake buɗe ƙofar, jirgin kuma ya dawo Legas a ranar 1 ga Oktoban wannan shekarar. Kusan shekara biyu ke nan. Hajiyar da ke sarin abaya ba ta san inda shagon canjin Sharja yake ba, ba ta riƙe wa kowane kamfani dala ba, amma ita ce jarinta ya kwanta.

Wani zai ce ai yanzu na'ura ce ke gadi, ita kuwa na'ura ba ta san baƙi ko fari ba. Ina ma haka ne. A watan Disambar 2019 hukumar gwaji da ƙayyade ma'auni ta Amurka, NIST, ta fitar da sakamakon gwajin manhajojin gane fuska 189. Ta gano cewa da yawansu sun fi rikita fuskokin 'yan Afirka da 'yan gabashin Asiya, su ɗauki wani a matsayin wani, ninki 10 har zuwa 100 idan an kwatanta da fuskokin Turawa, kuma mutanen Afirka ta Yamma na cikin waɗanda kuskuren ya fi shafa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: na'ura da hotuna ake koya mata aiki, irin fuskar da ta fi gani ita ta fi ganewa. Wata guda bayan wannan rahoto, a Janairun 2020, 'yan sandan birnin Detroit suka kama wani baƙar fata mai suna Robert Williams a ƙofar gidansa, a gaban matarsa da 'ya'yansa, suka tsare shi kusan sa'a 30 bisa zargin satar agoguna a wani kanti. Na'ura ce ta nuna shi, kuma ba shi ba ne. A ƙarshen 2023 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta haramta wa kantunan magani na Rite Aid amfani da irin wannan na'ura har shekara 5, bayan ta gano ana bin mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, ana bincike su, ana korar su, musamman a unguwannin da baƙaƙe da 'yan Asiya suka fi yawa. Manhajojin sun inganta tun daga lokacin, amma birnin da ya jingina tsaronsa da kyamara, kuma yake karɓar baƙi sama da miliyan 18 a shekara kamar yadda Dubai ta yi a 2024, wajibi ne ya riƙa gwada na'urorinsa a kan fuskokin da ke yawo a titunansa.

Doka kam akwai ta. Tun 2015 Daular ta kafa dokar yaƙi da wariya da ƙiyayya, ta sabunta ta a 2023, kuma launin fata da asali na cikin abubuwan da ta hana a nuna bambanci a kansu. Abin da ya rage shi ne ta sauko daga takarda zuwa bakin ƙofar kanti. A birnin New York, lokacin da aka zargi kantin Barneys da tsangwamar baƙaƙe, yarjejeniyar da aka cimma a 2014 ta sa ya biya dala dubu 525, kuma aka tilasta masa rubuta bayanin duk wanda ma'aikatansa suka tare. Wannan sharaɗi na biyu ya fi tarar amfani, domin mai gadin da ya san sai ya rubuta dalilin tare mutum zai yi tunani kafin ya ɗaga hannu. Hukumar da ta iya ƙayyade inda za a kafa kyamara ba za ta gaza sa wannan a cikin horon masu gadi ba.

Kafin mu cika baki, mu waiwayo gida. A ƙarshen watan Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo, aka tare mafarauta 'yan Arewa da ke kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano domin yin Sallah. An ga bindigogin farauta, an ji harshensu, aka yanke hukunci a nan take cewa masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16. A kasuwanninmu kuma, yaron da ya shigo da yagaggiyar riga shi ake fara damƙa idan waya ta ɓace, mai babbar riga kuwa a ba shi kujera. Ciwon da muke kuka da shi a Dubai muna ɗauke da irinsa.

Ga masu shirin tafiya, kada ka bar kanti ba tare da rasit ba, ko na turare ɗan dirhami 20 ne, kuma ka adana shi har ka dawo gida. Idan an tare ka, kada ka ɗaga murya, kada ka kai hannu, ka nemi a kira manaja a duba kyamara, domin a wannan wuri ita ce babbar shaidarka. Kada ka zaro waya ka ɗauki hoton mai gadi ka watsa a Facebook ko TikTok. Dokar laifukan intanet ta ƙasar ta 2021 ta haramta ɗaukar hoton mutum da yaɗa shi ba da izininsa ba, sai ka shiga da gaskiyarka ka fito kai ne mai laifi. Lambar 'yan sandan Dubai ta ƙorafin da ba na gaggawa ba ita ce 901, ta gaggawa kuma 999, sannan Najeriya na da ƙaramin ofishin jakadanci a birnin.

Kiranmu na ƙarshe ga ma'aikatar harkokin waje ne, da hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna ƙetare, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Kano da Katsina da Sakkwato. Ku buɗe rajistar ƙorafi, duk wanda aka wulaƙanta ya rubuta rana da wuri da abin da ya faru. Ranar da za ku sake zama da jami'an Daular a kan batun biza da jiragen sama, ku ajiye wannan rajista a kan tebur, ku nemi amsa a rubuce.