RA'AYINMU: Ina Za Mu Kai Yaranmu A Lokacin Hutu?

 

Duk shekara idan makarantu suka tashi dogon hutu, sai ka ga masu hannu da shuni a manyan birane sun kwashi iyali sun nufi Dubai ko Masar, wasu bakin teku a Legas, masu matsakaicin ƙarfi kuwa Yankari ko duwatsun Jos. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu a Kebbe da Tambuwal suna kallon wannan a matsayin al'adar Turawa da almubazzaranci, har sun yanke cewa yawon buɗe ido ba aikin mumini ba ne. Inda duk aka haɗa tsiraici da cakuɗa maza da mata da tozarta salla, muna tare da su. Amma hukuncin da suka game kowace tafiya da shi ya yi faɗi da yawa, kuma yana jawo mana hasarar da ba mu lura da ita ba.

Alƙur'ani Mai girma, a wurare da dama, ya umurci mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su ga yadda ƙarshen magabata ya kasance. Manzon Allah (S.A.W.) da kansa ya bi ta kufan Samudawa a Hijir, kan hanyarsa ta zuwa Tabuka a shekara ta 9 bayan Hijira, ya gargaɗi sahabbai kada su shiga sai suna masu kuka. Wannan wuri a yau yana cikin wuraren da Saudiyya ke tallata wa baƙi, tun da ta buɗe bizar yawon buɗe ido a 2019. Kufan bai sāke ba, niyyar masu shigarsa ce ta bambanta.

To mu fa, me ke kusa da mu? Mutumin Kebbe da ya fito Tambuwal ya kama hanyar Sakkwato, kafin ya isa birni zai ratsa ƙasar Boɗinga, inda Sifawa take. A nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa har 1815, lokacin da ya koma Sakkwato, inda ya rasu a 1817. A Sifawa ne, a 1812, ya raba kula da ƙasa tsakanin ƙaninsa Malam Abdullahi, wanda ya riƙi yamma, da ɗansa Muhammadu Bello, wanda ya riƙi gabas. Gwandu kuwa maƙwabciyar Tambuwal ce. Can jama'ar Shehu suka tsaya a 1805 bayan wahalar da suka sha a yaƙin Alwasa, ba su watse ba. Ita kanta Tambuwal, sarautarta tana komawa ne ga Muhammadu Buhari ɗan Shehu. Mai son ganin ƙarshen mulki kuma, ga ganuwar duwatsu ta Surame a wajen Binji, birnin Kanta na Kabi, wanda a ƙarni na 16 ya gagari Songhai da Barno, yau kuwa itatuwa ne suka cika shi.

Malaman Islamiyyunmu su gwada tambayar ɗalibai ina Sifawa take, ko me ya sa aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. Muna tsoron amsar da za su ji. Yaron da ke iya lissafa 'yan wasan ƙwallon Ingila ɗaya bayan ɗaya, ya sha wuce Boɗinga a cikin mota bai san ƙasar da yake takawa ba. Laifin namu ne. Don gudun bidi'o'in da ake yi a kaburbura, sai muka ƙaurace wa wuraren gaba ɗaya, muka bar tarihin masu jihadi a hannun masu karɓar sadaka a bakin hubbare, su ke faɗa wa baƙo abin da suka ga dama.

Ba mu ja da baya ko taƙi ɗaya ba game da abin da muka daɗe muna faɗa. Ba a ɗaura sirdi don ibada sai zuwa masallatai uku, kamar yadda ya inganta a hadisi. Ba a roƙon mamaci, ba a shafar kabari, ba a ɗibar ƙasarsa don neman tabarruki, kuma Shehu da kansa ya yi gargaɗi kan bidi'o'in maƙabarta a cikin littafinsa Ihya'us Sunna. Wanda ya je Sifawa ko Gwandu ya je ne ya ga inda aka yi karatu da gwagwarmaya. Idan hanya ta biyo da shi ta maƙabarta, ya yi sallama, ya roƙa musu gafara, ya wuce.

Saboda haka muna kira ga kwamitocin makarantunmu na Kebbe, Kuchi, Tambuwal, Dogon Daji, Jabo da Sanyinna, su shirya wa ɗalibai fita ta wuni guda. Mun sani dogon hutu yana faɗowa cikin damina, lokacin da uba ba zai saki yaro daga gona ba, don haka hutun bayan kaka ya fi dacewa. A karanta wa yara tarihin wurin mako guda kafin tafiya, domin wanda bai san labari ba bango kawai zai gani. Maza da ranarsu, mata da tasu tare da malamansu mata. Mai ikon kaiwa Sakkwato ya biya da su ɗakin adana tarihi na Waziri Junaidu, su ga rubuce-rubucen magabata da idonsu.

Batun tsaro kuma ba abin wasa ba ne a yankinmu. Kada a ɗauki yaran mutane sai an tuntuɓi hakimai da jami'an tsaro game da hanya, an kuma sami yardar kowane uba a rubuce. A fita bayan hantsi ya ɗaga, a yi Azahar da La'asar a kan lokaci, mota ta dawo gida kafin Magariba.