LAFIYA UWAR JIKI: Idan zufa ta yi yawa

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, a wannan wata za mu yi magana bisa zufa, wadda wasu ke ce ma gumi. Zufa ba cuta ba ce. Ita ke sanyaya jiki, kamar yadda randa ke tsatsa ruwan cikinta ya yi sanyi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, kowa na yin ta. Amma akwai wanda ke jiƙewa ko da yana zaune a inuwa, ko cikin sanyin dari. Wannan ita ce zufar da ake nema ma magani, kuma iri biyu ce.

Ta farko tana fitowa a tafin hannu, tafin ƙafa, hammata ko fuska, dama da hagu. Tana farawa tun ƙuruciya, sau da yawa gado ce, kuma tana tsayawa idan an yi barci. Ba ta kisa, amma tana wahalarwa. Ƙotar hauya na sulɓewa, igiyar guga na zamewa, mutum na jin kunyar ba da hannu a gaisa. Ba ƙazanta ba ce, ba kuma sammu ba ne.

Ga magungunan da likita ke da su. Na farko na shafawa ne, sunansa kulorur na aluminiyom. Ana shafa shi da dare bisa busasshiyar fata, a wanke da safe. Yana toshe ƙofofin zufa. Kada a shafa shi bisa rauni ko wurin da aka aske, don yana zafi.

Na biyu wata na'ura ce. Ana sa hannuwa ko ƙafafu cikin ruwa, a saki lantarki mai rauni kamar minti 20, sau da yawa a mako. Ba a yi ma mai ciki. Kada kowa ya gwada wannan da batir ko waya a gida.

Na uku ƙwayoyi ne, kamar oksibutinin. Suna busar da baki, suna kawo taurin ciki. Babban haɗarinsu ga mai aiki a rana shi ne suna rage zufar jiki duka, sai zafi ya taru ya kayar da mutum. Saboda haka sai da izinin lokotoro. Kada a saye su wurin masu talla a kasuwa.

Akwai kuma allurar Botox, wadda ke tsayar da zufa na wasu watanni, sannan a sake, ga ta da tsada. Na ƙarshe shi ne aiki, inda ake yanke wata jijiya cikin ƙirji. Da yawa daga waɗanda aka yi ma, zufar takan koma masu a baya ko ciki, shi ya sa ba a gaggawar yin shi.

Iri na biyu ya fi haɗari. Wannan zufa tana kama jiki duka, tana zo ma babba wanda da ba ya yi, har cikin dare ta jiƙe tabarma. Alama ce ta wata cuta: masassarar cizon sauro, ciwon maƙoƙo, faɗuwar sukari ga mai shan maganin ciwon sukari, ko tarin fuka. Mata ma suna yin ta lokacin da haila ke ɗaukewa. A nan cutar ake ma magani, ba zufar ba.

A kula da wannan ƙwarai. Wanda ke zufar dare, yana ramewa, yana tari fiye da mako 2, ya tafi likita a auna kakinsa. Idan tarin fuka ne, maganinsa kyauta ne a ƙasarmu, ana sha wata 6 ba fashi. Wanda ya zauna gida yana jira, matarsa da ɗiyansa yake shafa ma.

Kafin nan, a sha ruwa da yawa, a sa tufafin auduga masu faɗi, a rage takalmin roba rufaffe da yawan tonka da shayi.

Sai wata mai zuwa, Allah ya ba mu lafiya.