Lissafin haɓakar arziki da bai san hanyar Gatawa ba

1/ Duk lokacin da aka fitar da alƙaluman GDP sai ka ji ana tafi, wai tattalin arzikin Najeriya ya haɓaka da kashi kaza. To jama'a, mu ɗauki lissafin nan mu kai shi Sabon Birni da Isa mu ga ko zai tsaya da ƙafarsa.

2/ Tsarin Robert Solow na 1956, wanda har yau ake koyarwa a jami'o'i, ya ce abu uku ke ƙara arziki: jari, ma'aikata, da dabarar aiki. Mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

3/ Jari. Jarin Bagobirin ƙauye shi ne shanun huɗa, injin ban-ruwa a fadamar Rima, da gero a rumbu. Shanun an kora. Injin an sayar an biya kuɗin fansa. Rumbun an cinna masa wuta.

4/ Ma'aikata. Tun 2019 dubban mutanen yankin ke tsallakawa Nijar, suna gudun hijira a jihar Maraɗi. Majiya ƙarfin da ya kamata su riƙe fartanya suna can suna jiran tallafi.

5/ Dabara. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Sakkwato, har da waɗannan biyun. Ɗan kasuwa ba ya iya jin farashin albasa a gari na gaba.

6/ Sannan ga harajin da ba ya cikin kowane lissafi. Ƙauyuka na tara kuɗi su kai wa yaran Bello Turji kafin a bar su su yi shuka, wani lokaci su sake biya kafin girbi. Wannan kuɗin taki ne da iri da magani suka tafi daji.

7/ Wanda ya ga an sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, aka kashe shi a hannun 'yan bindiga a Agustan 2024, wane jari zai zuba a garin?

8/ Ku tuna 2014. An sauya shekarar auna GDP daga 1990 zuwa 2010, dare ɗaya ya koma kusan dala biliyan 510, muka zama na ɗaya a Afirka. Ko kwano ɗaya na gero bai ƙaru a Isa ba.

9/ Hukumar ƙididdiga ta NBS ɗin nan dai, a rahotonta na 2022, ta ce kusan kashi 91 cikin 100 na mutanen jihar Sakkwato na cikin talauci ta fuskoki da dama, mafi muni a ƙasar.

10/ Wani zai ce ai GDP jimillar ƙasa ce. Haka ne. Shi ya sa ribar bankunan Legas da kamfanonin waya ke rufe asarar manomin Gobir, a raba a ce kowa ya samu.

11/ Da irin wannan lissafi ake tsara kasafi da karɓo bashi. Wanda ba a ƙirga asararsa ba, ba za a ware masa komai ba.

12/ Ku tambayi 'yan majalisarku: hekta nawa aka bari ba a noma ba bana a Sabon Birni da Isa? Nawa ƙauyuka suka biya 'yan bindiga? A ƙirga, a buga, a sa a kasafi. Kafin nan a daina yi mana tafi.