KICIN ƊIN UWARGIDA: Soyayyar Kaza, Ido Ne Ke Fara Ci



Kwanakin baya wata maƙwabciyata a nan Gwadangaji ta kawo mini kuka. Tana soya kaji tana tallatawa ta WhatsApp, musamman ga mata ma'aikatan sakatariya, amma sati guda ba wadda ta yi oda, ga kuɗin makarantar yara ya matso. Na ɗanɗana kazar, daɗi kamar kunne zai tsinke. Da na duba hoton kuwa, sai na ga nama baƙi ƙirin cikin kula, fitilar waya ta haske shi yana ƙyallin mai. Wa zai yi sha'awa?

Gyaran daga tukunya yake farawa. In kazar Hausa ce, ki tafasa ta da citta, tafarnuwa, albasa da ɗan kurkur, shi ke ba ta launin zinariya. Ki tsame ta ta sha iska, domin jiƙaƙƙen nama ba ya soyuwa da kyau. Ki sa sabon man gyaɗa, tsohon mai ne ke baƙanta nama. Ki jefa yankan albasa, in ya taso yana ƙara nan take, mai ya yi. Kada ki cika kasko, zafin zai sauka kazar ta sha mai.

Da kin kwashe, ki zuba a kwando ta tsane. Kada ki rufe ta a kula kafin hoto, tururi zai lausasa fatar.

Sai ki samu farin faranti, ki jera yanka uku ko biyar, cinya a sama. Ki sa tumatir, kokwamba da lemun tsami a gefe, da ɗan yaji. Dafa-dukan shinkafarmu ta fadamar Argungu ma tana ƙara mata kyau, amma kada ta rufe kazar. Ki shimfiɗa sabon faifai kusa da taga, da hantsi ko bayan la'asar. Ki goge idon kyamara, ki kashe fitilarta, ki ɗauka tun kazar na da zafi.

Abu ɗaya nake gargaɗi: abin da kika nuna shi za ki aika. Nuna cinya a aika fiffike algushi ne, kuma ciniki ba ya ɗorewa a kansa.

Maƙwabciyata ta gwada, yanzu har odar suna take karɓa. Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.