Ƙarancin Ruwan Famfo: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Daga Wakilinmu

Kowace shekara idan bazara ta kama, watau daga watan Maris zuwa Mayu, kukan ƙarancin ruwan famfo yakan tashi a manyan biranenmu na Arewa. Kuɗin jarka ya hau a hannun 'yan ga-ruwa, hukumomin ruwa kuma su fito da bayanin da kowa ya riga ya haddace, cewa injuna sun lalace, ana jiran isowar sababbi daga ƙasashen waje. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, me ya kashe waɗanda aka sayo jiya? Domin kuwa injin jawo ruwa yakan shekara ashirin yana aiki idan ya sami kulawa, kuma kafin ya mutu sai ya daɗe yana ba da alama.

Mu ɗauki Kano misali. Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka fara turo wa birnin ruwa daga Challawa. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, ga matatun ruwa na Tamburawa da Watari. Ashe ke nan ruwa akwai shi. To, amma tsakanin kogi da bakin famfon mai gida akwai injuna kashi biyu, masu ɗebo ruwa daga kogi zuwa matata, da masu tura shi daga matata zuwa manyan tankuna irin na Goron Dutse. Idan kashi ɗaya ya tsaya, duk kuɗin da aka kashe wajen gina madatsa bai amfani mai ƙishirwa da kome ba.

Kusan dukan waɗannan injuna iri ɗaya ne. A cikin kowannensu akwai farfela wadda injin lantarki ke juyawa kimanin sau 1,450 ko 2,900 a minti ɗaya. Ruwa yana shiga ta tsakiyar farfelar, ita kuma ta watsa shi gefe da ƙarfi, ya bi bututu ya fita. Raunin wannan inji shi ne ba ya iya zuƙar iska. Tilas cikinsa da bututun da ke kawo masa ruwa su cika fal kafin a tashe shi.

Saboda haka idan inji yana juyawa amma ba ruwa, ko kuwa ya fara kawowa sa'an nan ya ɗauke, wurin da bakanike zai fara dubawa shi ne ɓangaren zuƙo ruwa. Mai yiwuwa ne iska na shiga ta wata mahaɗar bututu, ko bawul ɗin da ke ƙasa ya daina riƙe ruwa, ko kuma ciyawa da leda sun toshe rariyar da ke bakin bututun. Har ila yau akwai iyakar da ba a iya ƙetarewa. Nauyin iskar sararin sama ne ke ɗago ruwa zuwa cikin inji, kuma ko a bakin teku ba ya ɗaga shi fiye da kimanin mita 10. A wurin aiki kuwa da wuya a wuce mita 6 ko 7, kuma abin yana ƙara raguwa a ƙasa mai tudu kamar Jos. Shi ya sa injin da ya yi aiki lafiya da kaka yakan gaza da bazara, lokacin da kogi ya ja baya, alhali kuwa babu abin da ya same shi.

Idan aka ci gaba da tilasta masa aiki a haka, sai wata cuta ta biyo baya. Matsin ruwa yakan faɗi ƙwarai a bakin farfela har ruwan ya riƙa zama tururi yana yin kumfa, kumfar kuma tana fashewa a jikin ƙarfe. Mai tsaron inji zai ji ƙara kamar an zuba tsakuwa a ciki, inji yana karkarwa, ruwa yana raguwa. Cikin 'yan watanni sai a tarar farfela ta yi ramuka kamar gara ta ci itace. Canja farfelar ba magani ba ne, domin sabuwar ma haka za ta yi. Maganin shi ne a share rariya, a kusanto da inji ga ruwa, ko a faɗaɗa bututun shiga, ko a rage yawan ruwan da ake neman ya fitar.

Abu na biyu shi ne wutar lantarki. A watan Oktoba na 2024, sa'ad da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, har da na Shiroro zuwa Kaduna, jihohi da dama sun yi fiye da mako guda cikin duhu. Irin wannan kowa yana gani. Ɓarnar da ba a gani ita ce ta raunin wuta. Idan ƙarfinta ya ragu, ko layi ɗaya cikin uku ya ɗauke, koyil yakan yi zafi har ya ƙone, musamman inda aka cire na'urar da ke kashe inji da kanta don ta dami ma'aikata da yawan katsewa. Idan kuma aka sauya wayoyi biyu bayan gyara, farfela za ta juya da baya. Ruwa zai zo kaɗan, a yi ta zargin inji, alhali gyaran bai fi na minti goma ba. Kazalika janareto idan ya rage gudu da kashi 10 cikin 100, tsawon da inji ke iya tura ruwa yakan ragu da kusan kashi 19, sai unguwannin da ke kan tudu su rasa ruwa. Yankewar wuta farat ɗaya kuwa takan sa ruwan da ke cikin bututu ya komo da ƙarfi, ya fasa bututu ko bawul.

Na uku shi ne ƙananan abubuwan da ake rainawa. Boris yakan mutu saboda rashin giris, yakan kuma mutu saboda yawansa, domin giris da ya cika yana haifar da zafi. Idan sandar injin lantarki da ta farfela ba su daidaita ba, ko da kaurin takarda ne, boris da mahaɗa za su riƙa ci. Igiyar da ake cusawa inda sanda ta ratsa jikin inji dole ta riƙa ɗigo kaɗan-kaɗan, don wannan ruwan ne ke sanyaya ta. Wanda bai sani ba sai ya ɗaure ta tamau, ta ƙone, ta cinye sandar. Da damina kuma yashi da laka sukan goge farfela, ruwa ya riƙa komawa baya a cikin injin, yana shan wuta kamar da, yana ba da ruwa ƙasa da na da. Tun da aka ƙara kuɗin wuta na rukunin A zuwa Naira 225 kowane yunit a watan Afrilu na 2024, watau ya ninka fiye da sau uku, irin wannan hasara ta daina zama ƙarama.

Duk waɗannan ana gane su da kayan aiki masu araha: ma'aunin matsin ruwa a mashiga da mafita, ma'aunin wutar da inji ke sha, kunnen ma'aikaci da tafin hannunsa, da littafin da ake rubuta awon kowace sa'a. Wanda ya duba littafin ya ga matsi yana raguwa mako bayan mako ya san lokacin gyara ya yi tun kafin gari ya kwana ba ruwa.

Daga nan magana ta bar ɗakin inji ta koma ofis. Kwangilar sayen sabon inji takan sami sa hannu da wuri, a yi bikin ƙaddamarwa, amma takardar neman kuɗin boris da giris sai ta yi wata da watanni tana yawo daga tebur zuwa tebur. Ana sayo injuna daga kamfanoni dabam-dabam, kayan gyaran wannan ba ya shiga wancan, injin da aka ajiye don ko-ta-kwana kuma a riƙa cire masa sassa har ya zama kwarangwal.

Ya kamata gwamnatocin jihohi su ware kuɗin kula da injuna dabam a kasafinsu, su sa shi inda manajan matata zai iya taɓawa nan take. Kada a biya ɗan kwangila sai ya kawo kayan gyara na aƙalla shekara biyu, ya kuma horar da masu aiki da injin. Ɗaliban kwalejojin fasaha da ke zuwa koyon aiki a tura su ɗakin inji, a ba su littafin awo su riƙe. Majalisun dokoki kuma, kafin su amince da kuɗin sabon inji, su nemi a kawo musu rahoton abin da ya kashe tsohon.