Ruwan Da Ke Salwanta A Ƙarƙashin Ƙasa

Duk wadda ke zaune a Bakori ko Funtuwa ko Malumfashi ta san kukan da muke yi kullum: famfo bai kawo ba, 'yan ga-ruwa sun ƙara kuɗin jarka. In an zauna hira sai ki ji ana cewa a gina sabon dam. To, Funtuwa na da Mairuwa da Gwaigwaye, Malumfashi ma na da nata. Abin tambaya shi ne, ruwan da aka tace aka turo cikin bututu, nawa ne ke isowa bakin famfonki?

Ba duka ke isowa ba. Bututu kan tsufa ya tsage, mahaɗa kan saki, ruwa ya riƙa zurarewa cikin ƙasa dare da rana ba wanda ya gani. A shekarar 2006 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa ruwan da ke yoyo daga bututu a duniya ya kai lita biliyan 32,000 kowace shekara, kusan rabinsa a ƙasashe masu tasowa irin tamu.

Hasarar ba ta tsaya nan ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sa'ad da aka ɗauke ruwa, bututu ya zama fanko, ƙazantar kwata da ta masai kan kurɗa ta wannan tsaga. Ranar da aka sako ruwa kuwa, ita ce za ta fara sauka a randarki. Ba mu manta da 2021 ba, lokacin da amai da gudawa ya kashe fiye da mutum 3,000 a Nijeriya, Jihar Katsina kuma na cikin waɗanda suka fi jin jiki.

To, yaya ake gane yoyon da ido bai gani? Da kunne. Ruwa in ya matsa ta ƙaramar kafa yakan yi wani sauti kamar huci, ƙarfen bututu kuma ya ɗauki sautin ya kai nesa. Tsohuwar dabara ita ce ma'aikaci ya ɗora sandar ƙarfe kan bututu ya kanga kunne. Yanzu akwai 'yan na'urori da ba su wuce gwangwanin madara ba, ana manna su da maganaɗisu a kan makunnin bututu. Su kan saurara wajen ƙarfe 2 na dare, sa'ad da gari ya yi tsit, su aika wa ofis labari. In an sa biyu, ɗaya nan ɗaya can, sautin zai riga isa ga wadda ta fi kusa da tsagar. Da wannan ɗan bambanci ake lissafa daidai inda za a haƙa, ba sai an farfasa titi duka ba.

Birnin Tokyo na Japan yana hasarar kashi 20 cikin 100 na ruwansa a 1956. Da sauraren dare da sauya tsofaffin bututu, yau hasarar ta dawo kusan kashi 3.

Amma fa kada mu ɗauka na'ura magani ce ta kowane ciwo. Bututun da babu ruwa ciki ba ya huci, saboda haka garin da ake ba ruwa jefi-jefi sai an daidaita saurare da ranar sakin ruwa. Bututun roba kuma, wanda ya yawaita yanzu, ba ya kai sauti nesa kamar ƙarfe. In ma an gano yoyon, in babu mai gyara da kayan gyara, an yi aikin banza.

A 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don gyaran ruwa da tsabta a jihohi 7, Katsina na ciki. Shawarata ga Hukumar Ruwa ta Jiha ita ce a ba toshe yoyo muhimmanci kamar yadda ake ba sabon aiki, a horar da matasa masu saurare, a soma ko da sandar ƙarfe ce. Ruwan da aka riga aka tace aka ceto ya fi na sabon dam araha.

Mu ma muna da namu aikin. Uwargida, in kin ga ƙasa na jiƙe ko ciyawa ta yi kore shar a tsakiyar rani, ki sa maigida ya kai wa mai unguwa da ofishin ruwa labari. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa kan zubar da kusan jarka guda a kwana, a gyara shi. Ruwan farko bayan an daɗe ba a kawo ba, a bar shi ya zuba a bokiti don wanki, na sha kuwa a tafasa.

Ku kuma 'yan mata 'yan makaranta, ga gwaji. Ranar da aka kawo ruwa, ku rufe famfunan gida duka, ku ɗora dogon ƙarfe kan bututu, ku kanga kunne da dare. In kun ji huci, akwai yoyo kusa. Ku riƙe darasin kimiyya da lissafi da kyau, don injiniyoyin da za su yi wannan aiki gobe daga cikinku za su fito. Allah ya sa mu dace, amin.